Kalmar Da Ta Tare Ƙofar Ofis: Yadda "Experience" Ta Iso Dutse

Wata ranar Laraba da hantsi na raka ɗan ƙanwata wani shagon buga takardu a kan titin Kiyawa, nan cikin Dutse. Ya gama digiri, ya gama bautar ƙasa, ga shi an yi tallar gurbin aiki a wata ma'aikata, an ce kowa ya kai CV. Yarinyar da ke kan kwamfuta tana tambaya yana ba ta amsa: suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, firamare, sakandare, jami'a. Da aka iso layi na gaba sai ta ɗago kai ta ce, "Experience fa?"

Yaron ya waiwayo ya dube ni. "Kawu, ai ba ni da shi."

Wannan yaro tun yana aji huɗu na firamare yake bin mahaifinsa kasuwar Shuwarin. Zai zura hannu cikin buhun gero ya gaya maka na bana ne ko na bara. In an yi wa riɗi algus da yashi, tun daga yadda buhun ya zauna a kan sikeli yake fara zargi. Shi ke riƙe da littafin bashi. Ya san wanda za a ba kaya a jira shi har kasuwa ta zagayo, ya san wanda ko Alƙur'ani ya dafa sai dai ya ajiye kuɗi tukuna. Shekarar da ciwo ya kwantar da uban, shi ya riƙe rumfar tun daga kaka har faɗuwar ruwa, yana kuma zuwa lacca. Amma da aka jefo masa kalma guda ta Turanci, sai duk wannan ya bi iska. Kuma ba ƙarya ya yi ba. A ma'anar da kalmar ta shigo garin nan da ita, gaskiya ya faɗa. Tun ranar nake bin sawunta, don in ga inda ta faro, da inda ta yi ta ramewa a hanya har ta zama ba ta nufin komai a bakinmu sai shekarun da mutum ya yi yana karɓar albashi.

Asalinta daga Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum. A can akwai aikatau experiri, wato gwadawa, daga shi aka sami experientia, abin da mutum ya sani don ya gwada da kansa. Masu bin asalin kalmomi sun nuna saiwarta ɗaya da periculum, kalmar Rumawa ta haɗari. Ke nan tun can akwai ƙanshin kasada a jikinta: mai ita shi ne wanda ya tsoma ƙafa a ruwan da bai san zurfinsa ba, ya kuma fito da ransa. Daga Latin ta gangara cikin Faransanci. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da kotu, kalmomi dubbai suka kwarara cikin Ingilishi, ita ma ta bi ayari. A ƙarshen ƙarni na 14 aka fara ganinta a rubuce-rubucen Ingilishi.

Ɗaya daga cikin wuraren da ta fara fitowa kullum yana ba ni dariya. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya tsara labaran wasu matafiya da suka nufi ziyara Kantabari, suna ɗebe wa juna kewa da hira. A cikinsu akwai wata mata 'yar garin Bath da ta yi aure biyar. Da layi ya zo kanta, da wannan kalma ta buɗe baki, tana nuna ko babu hujjar littafi, abin da ta gani a gidajen maza biyar ya ishe ta yin magana a kan wahalar aure. Duk wanda ya taɓa zama kusa da zawarawan unguwarsu ranar biki ya san irin wannan murya. Abin lura shi ne tun shigarta Ingilishi kishiyar ilimin littafi aka ɗauke ta. Mu kuwa yau sai mun ga takarda muke yarda mutum yana da ita.

An daɗe Turawan Ingila ba sa bambanta ta da 'yar'uwarta experiment, da kowacce cikinsu ana iya nufin gwaji. Sai a ƙarni na 17, zamanin da su Francis Bacon suka tsaya kan cewa a daina dogaro da abin da magabata suka rubuta a je a auna abu da ido, sannan aka raba musu gado. Experiment ta ɗauki gwajin da aka shirya da gangan a ɗakin bincike, experience ta ɗauki abin da yau da gobe ke tara wa mutum. A 1690 John Locke ya gina falsafarsa a kan cewa zuciyar jariri kamar farar takarda ce, abin da ido ya gani da abin da jiki ya ji su ne ke yi mata rubutu. Faransawa kam har gobe ba su raba ba. Ɗalibin Maraɗi da ke haɗa sinadarai a ɗakin kimiyya da tsohon direban da ya shekara 30 yana bin hanyar Agadas, da kalma guda ake bayyana abin da ke hannunsu.

Larabci ma haka yake, kuma ta nan labarin ya taɓo mu tun kafin Bature ya zo. Tajriba a Larabci ita ce gwaji, ita ce kuma gogewa, daga aikatau jarraba. Mu muka ara muka ce jarrabawa. Malamin zaure in ya ba ka addu'a ko laƙani ya ce maka mujarrabi ne, abin da yake nufi an gwada an ga aikinsa. Ɗaya kalmar tasu, khibra, saiwarta ɗaya da khabar, wadda ta zama labari a bakinmu. To ka ji: a fom ɗin neman aiki layin jarrabawa daban, layin experience daban, har mai ɗaya yana kukan rashin ɗayan, alhali a asalin harsunan nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bahaushe bai ari kalma guda ya ɗora mata wannan kaya duka ba, don yana da nasa kwando. Akwai gogewa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ƙotar fartanyar da ta shekara goma a hannun mai ita ya san daga ina hoton ya fito: tafin hannu ya goge ta har tana sheƙi, ta kuma lanƙwashe daidai yadda yake riƙonta. Akwai ƙwarewa, wadda ita sakamako take dubawa, don mutum yana iya shekara 20 a kan sana'a bai ƙware ba, wani kuwa shekara uku sun ishe shi. Akwai sanin makamar aiki, wato sanin inda ake kama abu ya ɗagu. Ga tsohon hannu, ga sabon shiga, ga ɗan koyo. In shekaru ake nufi sai a ce ya sha miya, ko ya ga jiya ya ga yau. In wuya ce ta koya masa, sai a ce jiki magayi. Kowace da wurin zamanta, kuma mai magana ba ya ruɗewa tsakanin wanda ya daɗe da wanda ya iya.

Wa ke ba da shaida a wancan tsari? Mutane. Yaro ya shiga maƙera yana zuga, ya kai ga riƙe awartaki, ya kai ga ƙera lauje, ranar da manoma suka fara cewa a ba su na hannunsa, ya sami shaidarsa. A tsangaya ƙolo ya zama titibiri, ya zama gardi, ya zama alaramma, amma ba ya kiran kansa gwani. Sai gwanaye sun zauna da shi an yi ta karatu ana jiran ya yi tuntuɓe bai yi ba, sannan sunan ya bi shi. Madugu ba wanda ya naɗa shi saboda yawan shekaru kawai, fatake sun ga ya kai ayari ya dawo da shi lafiya ne sau da yawa. Hukuncin dai shi ne na karin maganar nan, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu a Dutse muna da misali a bayan gida, wato dabino. Itace ne mai namiji da mace, kuma in aka bar wa iska aikin haɗa su, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Sai mutum ya hau namijin ya yanko hudarsa, ya hau macen bayan kwanson hudarta ya tsage, ya cusa 'yan silaye a tsakiya ya ɗaure. Na taɓa tsayawa a gindin wani dabino wajen Garu ina kallon wani dattijo yana wannan aiki. Ƙafafunsa duk sun yi kanta, yana taka kututturen kamar matakalar bene, yana kauce wa ƙayar gindin ganyen ba tare da ya duba ba. Da ya sauko na tambaye shi yadda yake gane ranar da ta dace. Ya ce, "Malam, ai ita ke faɗa." Ya nuna mini cewa in ka yi jinkirin 'yan kwanaki ta wuce, 'ya'yan za su fito ƙanana marasa ƙwallo, ba mai saye. Ya kuma ce wanda ya shuka ƙwallo caca ya yi, don kusan rabi maza za su fito, kuma sai an shekara da shekaru ana ban ruwa kafin a gane. Mai hankali 'ya'yan gindin uwa tagari yake cirewa ya dasa. A garin nan akwai reshen cibiyar binciken NIFOR mai kula da dabino, kuma abin da masanansu ke koyarwa bai saɓa wa na dattijon ba. Malamanmu ma suna kawo hadisin da Muslim ya ruwaito a kan wannan aiki a Madina, lokacin da manoma suka bar shi wata shekara dabino bai yi kyau ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar musu da al'amarin a matsayin sha'anin duniyarsu da suka fi sani. Da wuya a sami girmamawar da aka yi wa ilimin hannu da ta wuce wannan. Amma dattijon nan in ya shiga shagon da muka shiga, shi ma cewa zai yi ba shi da shi.

Takarda ta shigo ne da Turawa. Bayan sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Dutse ta kasance gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano, da hakimi da malamansa, da masu rubuta haraji da jangali. Bature baƙo ne, bai san kowa ba, ba shi da hanyar tambayar gari wane ne ya iya. Kuma ba ya daɗewa, yau yana nan gobe an yi masa canji. Don haka ya dogara da abin da ɗan'uwansa Bature ya rubuta. Kuku ko boyi ko direban da maigidansa zai koma Ingila sai ya roƙi 'yar wasiƙar shaida: wane ya yi mini aiki shekara kaza, ba ya sata, ya iya girki. Ya ninke ta ya adana kamar laya, ita zai miƙa wa Bature na gaba. Wannan 'yar wasiƙa ita ce kakar layin da ya gagari ɗan ƙanwata. Da ita shaida ta tashi daga bakin jama'a ta koma hannun wanda ya biya ka lada, ta kuma koma abin ƙirgawa da shekara.

Abin dariyar, shi kansa mai neman shaidar sau da yawa ba shi da ita. Ƙaramin jami'in mulki yakan zo ne yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, daga jami'a kai tsaye, a tura shi rangadi ƙauyukan da bai taɓa jin sunansu ba. Sai an tilasta masa cin jarrabawar Hausa kafin ya sami ƙarin girma. Kafin nan masinja da tafinta su ne idonsa da kunnensa, su suka san wane dagaci ke ɓoye shanu, wace hanya ke yankewa da damina. Gogewar tana wurin masinja, muƙamin yana wurin yaron.

Da aka doshi mulkin kai sai kalmar ta zama makamin siyasa. A 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a bar shi sai lokacin da hali ya yi, kuma babban dalilin shugabannin Arewa shi ne ƙarancin 'ya'yansu da suka san aikin gwamnati. Abin da suka yi daga baya shi ya fi burge ni. Ba su zauna jiran gogewa ta faɗo daga sama ba. Suka ɗauko manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin yankin, suka riƙa kwasar malaman makaranta da ma'aikatan En'e ana kai su Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, a yi musu kwas, a miƙa musu kujerun da Turawa ke tashi daga kai. An yi ta cewa ba su gogu ba. A kan kujerun suka goge, kuma da yawa daga cikinsu su ne daga baya aka riƙa buga misali da su.

Shekarun 1970 su suka ƙarasa mayar da kalmar lissafin kalanda. Kwamitin Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, ya jera ma'aikata a kan mataki na 01 zuwa na 17. Mai digiri yana shiga a mataki na 08. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi suka kwaikwaya, ƙaramin ma'aikaci yana jiran shekara biyu kafin a duba ƙarin girmansa, na tsakiya uku, na sama huɗu, sannan a yi ritaya in an cika shekara 35 ana aiki ko 60 da haihuwa. A irin wannan tsani, wanda ya shekara tara yana gyangyaɗi a kan fayil da wanda ya shekara tara yana kashe kansa da aiki, a takarda gogewarsu ɗaya. A daidai wannan lokaci gwamnati ta lura ɗalibai na fitowa ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Asusun ITF da aka kafa a 1971 ya ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973, kuma harafin E da ke cikin sunan kalmar tamu ce. A shekarar dai Janar Yakubu Gowon ya kafa bautar ƙasa. Wato an mayar da gogewa darasi mai maki, da littafin da ake sa wa hannu a buga hatimi. Amma a lokacin ba ta tare wa kowa ƙofa ba, don aiki ke neman mai digiri. Ma'aikatu har jami'a suke bin ɗaliban ajin ƙarshe.

Sai ranar 27 ga Agusta 1991, Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro jihohi tara, aka yanko Jigawa daga Kano, aka ce Dutse ce hedikwata. Waɗanda suka ga lokacin ba sa mantawa. Gari ne na hedikwatar ƙaramar hukuma, ga duwatsu ga dabino, aka wayi gari an ce ya ɗauki gwamna da kwamishinoni da ma'aikatu. Kanar Olayinka Sule ya zo ya fara, a watan Janairu na 1992 ya miƙa wa Ali Sa'ad Birnin Kudu, lauya matashi da bai kai shekara 40 ba. Ma'aikatan da asalinsu daga ƙananan hukumomin sabuwar jihar ne aka ce su tattara su koma gida. Gidajen kwana babu, ofisoshi babu, mutane da dama suka riƙa sammako daga Kano ta Wudil, tafiyar da ta haura kilomita 100, su yi aiki su koma da yamma. A waɗannan shekarun duk wanda ya san yadda ake buɗe fayil, ko tsara takardar majalisar zartarwa, ko haɗa kasafin kuɗi, zinariya ne. Mutumin da a Kano zai daɗe yana jiran na gabansa ya yi ritaya, a Dutse sai ga shi yana riƙe da sashe guda. Jihar kanta sabon shiga ce, a kan aiki ta koyi aiki. Har gwaje-gwaje aka yi da ita: Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya hau a 1999, ya rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa daban-daban, Sule Lamido ya zo a 2007 ya tattaro su ya dawo da su Dutse. Da tun farko an ce sai mai shekara biyar a kan kujera zai zauna a kanta, da ba a buɗe ofis ko ɗaya ba.

Ƙofar ta fara ƙunci ne ta wani ɓangaren. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 gwamnatoci suka rage ɗaukar ma'aikata, makarantu kuwa sai ƙaruwa suke. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 aka kafa ta jiha a Kafin Hausa, ga kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse, ga ta horon malamai a Gumel, ga makarantar jinya a Birnin Kudu, ga masu bautar ƙasa da ake yi wa horo a sansanin Fanisau rukuni bayan rukuni. In gurbi ɗaya ne masu nema ɗari biyar, mai ɗaukar aiki yana buƙatar rariya, kuma babu rariya mai arha kamar a rubuta shekara uku ko biyar a ƙasan talla. Ba sai ya gwada kowa ba, ƙirga kawai zai yi. Ƙungiyoyin ƙasashen waje da suka yi aikin lafiya da ilimi a jihar, irin shirye-shiryen PATHS da ESSPIN na Birtaniya da Likitocin Na-gari Na-kowa da ke asibitin Jahun tun 2008, sun zo da tsarin duniya na CV da intabiyu, matasa suka ga ashe haka ake yi, shagunan kwamfuta suka haddace fasalin. Har Turancin Nijeriya ya yi wa kalmar rawani, ana rubuta cognate experience, wato gogewa a irin aikin da ake nema ɗin, ba wani ba. Daga nan aka shiga zagayen da kowane matashi ya sani: ba a ba ka aiki sai kana da ita, ba ka samunta sai an ba ka aiki. Shi ya sa za ka ga mai digiri yana roƙon a bar shi ya yi aikin sa kai kyauta, ko ya rungumi shirin J-Teach na jiha kamar yadda a baya aka rungumi shirin N-Power da aka fara a 2016, alawus ɗin bai kai ya kawo ba, amma ko ba komai layin nan zai daina zama fayau.

Akwai kuma wata fuskar kalmar da ta daɗe tana ba ɗalibanmu wahala. A Ingilishi in an ce experience ziryan, gogewa ake nufi, ba a ƙirga ta. In aka sa mata an a gaba, ko aka yi jam'inta, ta koma wani abu guda da ya faru da kai. Lokacin da nake koyarwa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo na ba 'yan aji shida insha'i irin wanda ake yawan kawowa a jarrabawar fita, cewa su ba da labarin an experience da ba za su manta ba. Wani yaro ya miƙo takarda da layi biyu, wai shi bai taɓa aiki a ko'ina ba. Na kira shi na ce, "Kai, ba abin da ya taɓa samunka a duniya?" Sai ya ba ni labarin daren da ruwa ya ci ƙauyensu, yadda ya ɗauki ƙanwarsa a wuya, ruwa iya ƙirji, akuyarsu tana kuka a kan danga har suka daina jin ta. Na ce to shi za ka rubuta. Ya ce, "Malam, wannan ai ba experience ba ne, wahala ce." Masu fassara labarai a gidajen rediyo sun san wannan rami, shi ya sa ba sa cewa gogewa a irin wannan wuri, sai su ce halin da ya shiga, ko abin da ya gani, ko yadda ya ji.

Wannan ma'ana ta biyu ita ce yanzu ke bunƙasa, kuma ta waya ta shigo. A farkon shekarun 1990 Don Norman na kamfanin Apple ya yayata user experience, wato yadda mai amfani da na'ura ke ji da ita, daɗi ko takaici. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Joseph Pine da James Gilmore, suka yi rubutu cewa kasuwa ta kai inda abin da mutum ya ji shi ake sayar masa, kayan kuwa rakiya ne. Yau ga shi banki na turo saƙo yana tambayar yadda experience ɗinka ya kasance bayan ka sha layi, yarinya ta dawo daga Umara ƙawayenta na cewa ta ba su experience, saurayi ya hau duwatsun Garu ya ɗauki hoto ya rubuta kalmar a ƙasa. Ban ga laifinsu ba. Hasali ma sun fi fom ɗin ofis kusa da matar nan ta Bath.

Ni inda nake da ja shi ne ma'anar ofis, don ita ke hana mutane abinci, kuma ba ta da tsari ko a dokar ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya ce alƙalin babbar kotu sai ya shekara 10 da zama lauya, na Kotun Ƙoli 15, wannan da hujja. Amma bai nemi mai son kujerar gwamna ko shugaban ƙasa ya nuna ko kwana ɗaya na aiki ba, karatu zuwa matakin sakandare ya wadatar. Sai mai neman kujerar akawu ne za a ce ya kawo shekara biyar. Hanyar gyara kuwa ba sabuwa ba ce. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta daɗe tana yi wa makanikai da kafintoci da birkiloli gwajin sana'a mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya, inda ake ba mutum kayan aiki a ce yi mu gani. Hukumar NBTE da ke Kaduna ma tana da tsarin tantance abin da mutum ya koya a wajen aji ta ba shi shaida, an kuma yi aiki da masu sana'ar kasuwar Panteka a kan haka. Abin da aka yi wa Panteka ba abin da zai hana a yi wa 'yan hatsin Shuwarin, da masu hawan dabinon Dutse, da ungozomomin ƙauyukan Kiyawa da Jahun. Masu rubuta tallar aiki a garin nan, in daɗewa kuke nema ku ce daɗewa, in iyawa ce ku ajiye littafin lissafi da biro a kan tebur ku ba yaro rabin awa.

A shagon dai ban bari an tsallake layin ba. Na ce wa yarinyar ta rubuta: kula da rumfar hatsi a kasuwar Shuwarin, saye da sayarwa da riƙe littafin bashi, shekara 12. Ta tsaya da bugawa ta ce, "Baba, to wa zai ba shi takardar shaida?" Ranar kasuwa muka je wurin shugaban 'yan hatsi, ya sa ɗansa ya rubuta, shi kuma ya sa hannu da ajami. Ba a kira yaron intabiyu ba. Wasiƙar tana nan cikin leda ɗaya da shaidar digirinsa da ta bautar ƙasa, shi kuma yana rumfa, bana riɗi yake saye.